Watanni Uku na Farkon Ciki da Amfanin Awo da Wuri

Sau da yawa, kafin mace ta tabbatar tana da juna biyu, halittar jaririn ta yi nisa. Wajen mako na 6 daga al'adar ƙarshe, zuciya ta fara bugawa, bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da laka kuma ya rufe. Shi ya sa ake so ta fara shan folik asid tun kafin ɗaukar ciki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar fara awo cikin makonni 12 na farko. A nan ake gano ƙarancin jini, HIV da tunjere, waɗanda maganinsu da wuri ke kare jariri. Gwajin sikila kuwa har da uba, domin daga iyaye biyu ake gadonta.