TARIHI: Yadda Mutanen Cek Suka Riƙe Ƙasarsu Da Kiɗa Da Hokin Ƙanƙara

Filinmu na tarihi a yau zai leƙa tsakiyar nahiyar Turai, ƙasar Cek, wadda a da take haɗe da Slobakiya ana kiransu Cekoslobakiya. Ƙaramar ƙasa ce, mutanenta sun ɗan haura miliyan 10, ba su kai yawan mutanen Legas ba. Abin da ya ja hankalinmu gare ta shi ne a shekarar 2004, a babban birninta Prag, an shirya opera sukutum a kan wasan hoki. A ƙasashe da yawa masu zuwa opera daban suke, masu cika filin wasa daban. A Cek kuwa ba abin mamaki ba ne ka ga mutum guda yana son duka biyun, kuma dalilin haka yana cikin tarihinsu.

Ga waɗanda ba su saba da su ba, opera wasan kwaikwayo ne da ake rera maganganunsa da waƙa, taron makaɗa na biye da mawaƙan: masu goge manya da ƙanana, masu busa, masu ganga, da jagora guda a gabansu riƙe da 'yar sanda. Idan makaɗan suka yi kiɗan su kaɗai ba tare da wasan kwaikwayo ba, wannan shi ne kiɗan gargajiyar Turai. Hokin ƙanƙara kuwa ana yin sa a kan daskararren ruwa, mutum shida-shida har da mai tsaron gida. Kowa na sanye da takalmi mai siririn ƙarfe a ƙasa, yana sulɓi a kai, yana kora wani ɗan faifan roba baƙi da sanda mai lanƙwasa. Zagaye uku ake yi, kowanne minti 20.

GIDAN DA AKA GINA DA KARO-KARO

Bayan an ci mutanen Cek da yaƙi a shekarar 1620, sarakunan Ostiriya suka ƙara ɗaure musu wuya. Jamusanci ya zama harshen ofis da makaranta da manyan gari, harshen Cek ya koma na ƙauyawa da barori. A ƙarni na 19 sai masu ilimi cikinsu suka tashi farfaɗo da harshen. Ba su da soja, ba su da gwamnati, don haka suka yanke shawarar gina gidan wasan kwaikwayo na ƙasa inda za a yi waƙa da wasa da harshensu.

Tun farkon shekarun 1850 aka fara karɓar gudummawa, birni da ƙauye. Duk wanda ya taɓa zama cikin ƙungiyar da ke tara kuɗi don gina wurin taro ya san irin wahalar wannan aiki. Sai ranar 16 ga Mayu 1868 aka aza harsashi, da duwatsun da aka ɗauko daga wurare masu tarihi na ƙasar. An buɗe gidan ranar 11 ga Yuni 1881. Bayan wata biyu kacal, ranar 12 ga Agusta, gobara ta cinye rufinsa da dandamalinsa da wurin zaman 'yan kallo. Jama'a suka sake sa hannu a aljihu, cikin kwana 47 aka tara gulden miliyan ɗaya, kuɗin ƙasar na lokacin. Aka sake buɗe shi ranar 18 ga Nuwamba 1883. A saman dandamalin akwai rubutun da ke nuna cewa al'umma ce ta gina wa kanta.

A duka buɗewar biyu opera ɗaya aka yi, mai suna Libuše, labarin gimbiyar da almara ta ce ita ta hango kafuwar birnin Prag. Wanda ya tsara kiɗanta shi ne Bedřich Smetana, haifaffen 1824. Shi kansa da Jamusanci ya yi karatu, sai da ya girma sannan ya zauna ya gyara harshen iyayensa. A shekarar 1874 ya kurmance gaba ɗaya. Cikin kurmancin ya tsara kiɗansa mafi shahara, Má vlast, ma'ana Ƙasata, kashi shida, tsakanin 1874 da 1879. Kashi na biyu yana bin kogin Vltava tun daga 'yan maɓuɓɓugai a tsauni har ya zama babban kogi ya ratsa Prag. Smetana bai taɓa jin wannan kiɗa da kunnensa ba. Ya rasu ranar 12 ga Mayu 1884.

RANAR DA 'YAN KALLO SUKA MIƘE

Cekoslobakiya ta samu 'yanci a 1918, amma a watan Maris 1939 sojojin Hitila suka shiga Prag. Ranar 5 ga Yuni na wannan shekara, jagoran makaɗa Václav Talich ya gabatar da Ƙasata a wancan gidan na karo-karo. Kiɗa ne mara waƙa, babu kalma ko ɗaya da mai bincike zai kama ya ce laifi ce. Amma kowa a zauren ya san abin da ake nufi. Da aka gama, tafi ya ƙi ƙarewa, sai jama'a suka kama rera taken ƙasa ba wanda ya umarce su. An watsa taron ta rediyo zuwa wasu ƙasashen Turai, gidan rediyon Norwe ya naɗi sautin, shi ya sa har yau ana iya sauraron muryoyin mutanen nan.

Bayan yaƙi, a 1946, aka kafa bikin kiɗa na shekara-shekara a Prag. Daga baya ya zama al'ada a buɗe shi kowace 12 ga Mayu, ranar rasuwar Smetana, da kiɗan Ƙasata. Jagoran makaɗan ƙasar a lokacin kafa bikin, Rafael Kubelík, bai daɗe ba. Da 'yan kwaminis suka ƙwace mulki a watan Fabrairu 1948, ya fice daga ƙasar a wannan shekara, ya ƙi dawowa muddin suna kan mulki.

ZAKARUN DUNIYA A KURKUKU

Hoki ya shiga ƙasar tun farkon ƙarni na 20, kuma mutanen Cek sun kama shi da wuri. A 1911, suna ƙarƙashin Ostiriya, ƙungiyarsu ta ci kofin Turai da sunan yankinsu na Bohimiya. Suka ci kofin duniya a 1947 a gida, suka sake ci a 1949.

A watan Maris 1950 ƙungiyar tana shirin tashi zuwa Landan don kare kofinta sai gwamnati ta hana tafiyar, saboda tsoron kada 'yan wasan su gudu su ƙi dawowa. Wasu daga cikinsu suka taru a wata mashaya a Prag suna zagin gwamnati, 'yan sandan ciki suka yi awon gaba da su. Aka gurfanar da 'yan wasa 11 bisa zargin cin amanar ƙasa da leƙen asiri. Mai tsaron gida Bohumil Modrý, wanda injiniya ne, shi aka ɗora wa jagoranci aka yanke masa shekara 15. An kai shi aikin ƙarfi a ma'adinan yuraniyom. An sake shi a 1955 da lafiya a lalace, ya rasu a 1963 yana da shekara 46. Cikin shekarun da waɗannan gwanaye suke tsare ne Tarayyar Sobiyet ta shigo gasar duniya, a 1954, ta kuma ɗauki kofin a zuwanta na farko. Masoya hoki a Cek ba su manta da wannan ba.

TANKOKI A TITI, FANSA A KAN ƘANƘARA

A 1968 sabon shugaban jam'iyyar kwaminis Alexander Dubček ya fara sassauta mulki, ya bar jaridu su yi magana. Mosko ba ta yarda ba. A daren 20 zuwa 21 ga Agusta tankokin Sobiyet da na ƙawayenta suka mamaye ƙasar. A yammacin 21 ga watan, a Landan, makaɗan gwamnatin Sobiyet suna da taro a zauren Royal Albert, kuma kiɗan da ke cikin jadawali tun da farko na Antonín Dvořák ne, ɗan ƙasar Cek. Wasu 'yan kallo suka yi ta ihun adawa. Mai babban goge Mstislav Rostropovich, ɗan Rasha, ya kaɗa kiɗan yana zubar da hawaye.

Gasar hoki ta duniya ta 1969 a Prag aka shirya yi, amma saboda mamayar aka mayar da ita birnin Stockholm na Suwidin. Tsarin gasar ya sa Cekoslobakiya za ta haɗu da Sobiyet sau biyu. Ranar 21 ga Maris ta ci 2 da 0, mai tsaron gida Vladimír Dzurilla, ɗan Slobakiya, ya hana komai wucewa. Ranar 28 ga Maris ta sake ci 4 da 3. Wasu 'yan wasan sun manna baƙin tef a kan jan tauraron kwaminis da ke jikin rigunansu, kuma ƙungiyar ta ƙi yin musabaha da abokan karawar.

A gida, mutane na manne da talabijin da rediyo. Ana tashi wasa na biyu kusan mutum rabin miliyan suka fito tituna a garuruwa daban-daban. A dandalin Wenceslas na Prag aka farfasa ofishin kamfanin jiragen saman Sobiyet, Aeroflot. Masana tarihi da dama suna ganin akwai hannun 'yan sandan ciki wajen tunzura wannan ɓarna don a samu hujja. Hujjar kuwa ta samu. Mosko ta matsa lamba, ranar 17 ga Afrilu 1969 aka sauke Dubček aka ɗora Gustáv Husák, aka shiga shekara 20 na kama bakin jama'a. Kofin ma bai zo ba, domin Suwidin ta doke Cekoslobakiya sau biyu, Sobiyet ta ɗauki zinare, su suka ƙare na uku. Duk da haka waɗanda suka ga dararen nan biyu sun riƙe su a zuci, suka ba 'ya'yansu labari. Shahararren ɗan wasa Jaromír Jágr, wanda aka haifa a 1972, lamba 68 yake sawa a bayan rigarsa don tunawa da shekarar mamayar.

DAWOWAR KUBELÍK DA ZINAREN NAGANO

A watan Nuwamba 1989 mulkin kwaminis ya rushe cikin 'yan makonni. Gidajen wasan kwaikwayo na cikin waɗanda suka fara yajin aiki, suka mayar da zaurukansu wuraren taron jama'a. Marubucin wasan kwaikwayo Václav Havel, wanda ya sha ɗauri, ya zama shugaban ƙasa ranar 29 ga Disamba. Ranar 12 ga Mayu 1990 Kubelík, tsoho mai shekara 75 da ya riga ya ajiye aiki saboda rashin lafiya, ya dawo bayan shekara 42 ya jagoranci Ƙasata, Havel na zaune cikin 'yan kallo.

Cek da Slobakiya suka rabu lafiya ranar 1 ga Janairu 1993. Bayan shekara biyar aka yi gasar Olamfik ta lokacin sanyi a Nagano, ƙasar Japan, karo na farko da aka bar ƙwararrun gasar NHL ta Amurka da Kanada suka buga. Hankalin masu sharhi yana kan Kanada da Amurka. Cek ta fitar da Amurka da ci 4 da 1. Da Kanada aka tashi 1 da 1, aka je bugun raba gardama, mai tsaron gida Dominik Hašek ya hana duka biyar ɗin Kanada shiga. Wasan ƙarshe ranar 22 ga Fabrairu 1998 da Rasha ne. A Prag asuba ce, ga sanyi, amma dubban mutane sun cika dandalin tsohon gari suna kallo a manyan alluna. Petr Svoboda ya ci ƙwallo ɗaya tilo a zagaye na uku, kuma ma'anar sunansa a harshensu 'yanci. A 1989 jama'a sun yi ta kiran a kai Havel fadar shugaban ƙasa. A wannan karon kiran ya koma a kai Hašek fada.

Daga nan ne hanyoyin biyu suka haɗu a dandamali ɗaya. Mai tsara kiɗa Martin Smolka da marubuci Jaroslav Dušek suka shirya opera mai suna Nagano, aka fara nuna ta a watan Afrilu 2004. Wurin da aka yi ta tsohon gidan wasa ne na Prag inda Mozart da kansa ya jagoranci operarsa Don Giovanni karo na farko a 1787. Mawaƙa suka fito a matsayin Hašek da Jágr da mai horar da ƙungiyar Ivan Hlinka, da raha da barkwanci a ciki, domin mutanen Cek suna son yi wa jarumansu ba'a. Hlinka ya rasu a haɗarin mota a watan Agusta na wannan shekara.

Idan muka duba wannan tarihi, za mu ga cewa ban da Smetana da Hašek akwai waɗanda suka fi kowa ɗaukar nauyinsa, wato 'yan kallo. Su suka tara kuɗin gini sau biyu, su suka miƙe da taken ƙasa a 1939, su suka cika tituna a 1969 suka kuma ɗanɗani abin da ya biyo baya. Lokacin da aka hana su magana a majalisa da jarida, zauren kiɗa da filin hoki ne suka rage musu, inda dubban mutane za su taru su nuna abin da ke ransu tare.

Mai son ya ji da kunnensa zai iya neman kiɗan Vltava a YouTube, bai wuce minti 13 ba. Wasan ƙarshe na Nagano shi ma yana nan. Mu haɗu a fitowa ta gaba.