Daga Ɓawon Teku Zuwa Fuskar Waya: Tarihin Wasan Haɗa Tagwayen Hotuna

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Mai karatu, wataƙila ka taɓa ganin ƙaninka ya duƙufa a kan waya, yana taɓa wasu katuna da aka kife. Ya buɗe wannan ya ga ɗan zomo, ya buɗe wancan ya ga kyanwa, sai su sake kifewa. In ya yi dace hotunan biyu suka zo iri ɗaya, ya ci. Ba faɗa, ba gaggawa, sai ɗan kiɗa mai sanyi. Mutum zai zaci wasan jiya-jiya ne, alhali kuwa ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Maƙasudin wannan rubutu shi ne mu bi sawunsa, mu ga abin da ya tsira da shi da abin da ya zubar a hanya.

A ƙasar Japan, tun zamanin Heian (794 zuwa 1185), mutanen fada suna da wasan da suke kira kai-awase, watau haɗa ɓawo. Akwai wata halittar teku mai ɓawo biyu kamar makankari, wadda kowane ɓari nata ba ya rufuwa daidai sai da ɗan'uwansa na asali. Sai a raba ɓawon, a zana hoto iri ɗaya a cikin ɓarin biyu. Cikakken kayan wasan yakan kai tagwaye 360. Akan kife rabi a ƙasa, a fito da ɗaya daga sauran, 'yan wasa su dubi zanen bayansa su nemo abokinsa. A nan kaifin ido ya fi aiki bisa ga riƙe abu a ka, amma ginshiƙin wasan ya riga ya kafu: kife, buɗe, haɗa. A zamanin Edo (1603 zuwa 1868) har cikin kayan ɗakin amaren manyan gidaje ake sa shi, domin ɓawon da ba ya karɓar kowa sai nasa alama ce ta amanar aure.

A ƙarni na 16 fataken Fotugal suka kai wa Japanawa katin wasa. Daga kalmarsu aka samu karuta, wadda mai karatu zai ji ta yi kama da tamu karta. Japanawa suka ɗora tsohuwar ɗabi'arsu a kan takarda, suka fito da wasan haɗa farkon waƙa da ƙarshenta daga wani kundi mai waƙoƙi 100.

A Turai kuwa, da katin karta 52 ake yi, watau tagwaye 26. Mutanen Ingila suna kiransa Pelmanism. Sunan ya samo asali daga Cibiyar Pelman da ke Landan, wadda William Joseph Ennever ya kafa a ƙarshen ƙarni na 19, tana sayar da darussan ƙarfafa ƙwaƙwalwa ta gidan waya. Mu riƙe wannan a zuciya, domin tun daga nan aka ƙulla wasan da alkawarin ƙara basira. Japanawa, da irin barkwancinsu, suna kiran na karta shinkei-suijaku, ma'ana gajiyar jijiyoyi.

Shekaru biyu a jere suka ɗaga darajarsa. A 1958 gidan talabijin na NBC a Amurka ya fara shirin Concentration, mai allo mai gidaje 30, kuma ya ci gaba har 1973. A 1959 kamfanin Otto Maier na garin Ravensburg a Jamus ya fitar da Memory, bayan wani hafsan sojan Suwizalan mai suna William Hurter ya kawo masa shawarar. Hikimar ita ce an bar lambobin karta aka koma hotuna masu launi, don haka yaron da bai iya karatu ba ma yana iya kayar da babansa. Da na'urori suka zo, wasan ya bi su. Alal misali, a cikin Super Mario Bros. 3 na 1988 akwai ɗan wasan haɗa katuna 18.

To, ina waɗannan 'yan dabbobi masu manyan idanu suka fito? A 1943 masanin halayyar dabbobi Konrad Lorenz ya bayyana cewa babban kai, da manyan idanu, da kumatu irin na jariri suna motsa tausayi a zuciyar mutum. 'Yan kasuwa ba su bar wannan ya wuce su ba. A 1974 kamfanin Sanrio na Japan ya ƙirƙiro Hello Kitty, kuma salon da suke kira kawaii ya bazu duniya. Zane irin wannan ya dace da wasanmu, domin fuska mai sauƙi tana da saurin ganewa, kuma ba ta tayar da hankali.

Zuwan manhajar Flash a 1996 shi ya buɗe ƙofa. Ɗalibi ɗaya a ɗakinsa yana iya haɗa wasa ya sa a intanet, kowa ya buga a burauza kyauta. Dubban irin waɗannan wasanni suka fito. Amma wayoyin iPhone ba su karɓi Flash ba, fasahar HTML5 ta maye gurbinta, har kamfanin Adobe ya janye hannunsa a ranar 31 ga Disamba, 2020. Wasanni da yawa suka daina buɗuwa. Ba don masu sa kai irin na shirin Flashpoint, da aka fara a 2018, sun tattara abin da suka iya ba, da asarar ta fi haka.

Saura batun ƙara basira. A 2010 mujallar Nature ta buga binciken Adrian Owen da abokansa a kan mutum 11,430 da suka yi mako shida suna wasannin horar da ƙwaƙwalwa. Sun ƙware a wasannin, amma ba a ga ƙwarewar ta tsallaka zuwa wasu ayyuka ba. A 2016 kuma masu Lumosity suka amince su biya dala miliyan 2 saboda tallan da hukumar kasuwanci ta Amurka ta ce ba shi da hujja. Saboda haka a yi wasan don hutu da nishaɗi, kada a ɗauke shi madadin bitar darasi.

A ƙarshe, ga abin lura. Ɓawon da aka zana shekaru ɗaruruwa da suka wuce yana nan a gidajen tarihi, amma wasan da aka yi da Flash bai cika shekara 25 ba ya nemi mai ceto. Abin da ya rayu shi ne dokar wasan, domin tana da sauƙin koyarwa baki da baki. Mu ɗaliban Hausa, wannan ya shafe mu. Dara da langa da carabke su ma dokoki ne da ke zaune a kawunan mutane. In mun je hutu, mu zauna da tsofaffi mu rubuta su dalla-dalla, tun masu sani suna nan.