Shirwar Takarda: Daga Ganuwar Nanjing Zuwa Jakar Tsaraba

A shekara ta 549 Miladiyya, dakarun ɗan tawaye Hou Jing sun yi wa fadar Sarki Wu na daular Liang ƙawanya a birnin Jiankang, wanda a yau ake kira Nanjing. Abinci ya yi ƙaranci, kuma babu manzon da zai iya ratsa sansanin abokan gaba. Sai mutanen fada suka haɗa tsuntsun takarda, suka ɗaura masa wasiƙar neman agaji, suka sake shi cikin iska. 'Yan tawayen suka harbo shi. Fadar ta faɗi, sarkin kuma ya rasu a tsare cikin wannan shekarar.

Abin da suka tayar ran nan Sinawa na kiransa zhiyuan, wato shirwar takarda. Sunan ya dace. Duk wanda ya taɓa ganin shirwa ta shanya fikafikai a kan mahauta, iska na riƙe da ita ba tare da ta kaɗa ba, ya san abin da maƙeran farko suke kwaikwayo.

Asalinta ya girmi takarda. Littafin Han Feizi ya ruwaito cewa malamin falsafa Mozi, wanda ya rayu a ƙarni na 5 kafin Miladiyya, ya shafe shekara uku yana sassaƙa shirwar katako, ta tashi yini ɗaya ta karye. Wani tsohon littafin ya ce kafinta Lu Ban ya haɗa tsuntsu da gora da itace, ya kwana uku a sama. Sai bayan da Cai Lun ya inganta yin takarda a shekara ta 105, ta yi araha sannu a hankali, abin ya soma sauka daga hannun sarakuna da mayaƙa zuwa hannun yara.

Sunan da ya fi yaɗuwa yanzu shi ne fengzheng. An ce a ƙarni na 10 wani bafade, Li Ye, ya ɗaura wa tasa sarewar gora. Iska na ratsa ta, sai ta riƙa amo irin na zheng, wani abin kiɗa mai tsirkiya da yawa. Mutanen birnin Nantong ba su bar wannan gado ba. Har yau suna jera usur-usur na duma da gora a jikin shirwarsu, manya da ƙanana, a ji kukanta daga nesa.

Daga zamanin daular Song ta zama abin kowa, musamman a bikin Qingming na farkon Afrilu, lokacin da iyalai ke zuwa share kaburburan magabata. A nan wata al'ada ta kafu wadda take taɓa zuciya: mutum ya tayar da shirwarsa ta yi nisa, sannan ya yanke zaren, da fatan ta tafi da cuta da baƙin ciki. Wanda ya tsince ta a gona ba ya ɗauka, don kada ya kwashi masifar wani. Marubuci Cao Xueqin ya kawo wannan a babi na 70 na shahararren littafinsa na ƙarni na 18, inda 'yan matan gidan da labarin ke kansa suka saki tasu saboda ciwon ɗayarsu, Lin Daiyu.

Cibiyar sana'ar a yau ita ce Weifang a lardin Shandong, wadda ke shirya bikin ƙasa da ƙasa kowace shekara, galibi a Afrilu, tun 1984. A ƙauyen Yangjiabu da ke gefenta, masu buga hotunan sabuwar shekara da allon katako su ne kuma masu zanen shirwa, shi ya sa launukanta suke da kaifi. Ana tsaga gora siri-siri, a gasa ta a kan wuta har ta tanƙwaru, a ɗaure, a liƙa siliki ko takarda, a yi zane, sannan a fita fili a gwada. Masu sana'ar na ƙirga gwajin nan cikin aikin, kuma gaskiyarsu ne.

Ga ɗan kasuwar da ya je sari Guangzhou ko Yiwu yana neman tsaraba, zanen ne abin fara dubawa, domin kowane hoto saƙo ne. Sunan jemage a Sinanci ya yi sauti ɗaya da kalmar sa'a, na kifi kuma da kalmar yalwa. Shirwar Beijing mai siffar tsattsewa, wadda aka kwaikwaya wajen zana ɗaya daga cikin 'yan tsanar gasar Olamfik ta 2008, tana da jinsi: mai ƙiba ta namiji ce, siririya ta mace, biyu a haɗe kuwa ta ma'aurata, wadda ta dace da gudummawar biki.

Matsalar ɗauka an daɗe da warware ta. Wei Yuantai na Tianjin ya yi suna da shirwar da ake kwancewa a naɗe cikin ƙaramin akwati, har ya samu lambar yabo a baje kolin San Francisco na 1915. Irin ta ce ta fi shiga jakar matafiyi.

Sai dai kasuwa ta cika da na leda da sandunan roba, da kuma 'yan ƙanana da aka ƙulle cikin gilashi don ado, waɗanda ba za su taɓa tashi ba. Mai saye ya juya bayanta ya ga ko launi ya ratsa silikin, alamar aikin hannu. Ya shafa gorar ya ji ko an kankare ta sumul. Sannan ya riƙe ta ta zaren ƙirji ya sake ta tana lilo: idan fiffike ɗaya ya rinjayi ɗaya, ya mayar ya ɗauki wata.