Kakan da Ya Karɓi Harajin Sarki: Yadda Ya Kamata a Karanta Kundin Ma'aikatan Haraji na Ingila

Mai neman tarihin zuriyarsa a Birtaniya, idan ya gano kakan kakansa ma'aikacin harajin kayan cikin gida ne, ya taki sa'a. Wannan haraji, da majalisar Ingila ta ƙirƙiro a 1643, a kan abin da ake sarrafawa a gida aka ɗora shi, kamar giya, sabulu, kyandir da fata, saɓanin kuɗin kwastan na tashar jirgin ruwa. Hukumarsa kuwa ba ta wasa da rubutu.

A Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kew akwai littattafan zaman hukumar masu lamba CUST 47, inda aka rubuta ɗaukar kowane ma'aikaci, canjin wurin aikinsa, gargaɗi da kora. CUST 116 kuma takardun shiga aiki ne na 1820 zuwa 1870, ɗauke da shekarun mutum, mahaifarsa da shaidar ya iya rubutu da lissafi. Da waɗannan ya kamata a fara, domin hukumar takan yawaita sauya wa ma'aikaci gari don kada ya saba da 'yan kasuwa. Shi ya sa 'ya'yansa kan bayyana a rajistar coci-coci masu nisa da juna. Nemansa cikin masu zaɓe ma wahalar banza ce, tunda dokar 1782 ta hana ma'aikatan haraji jefa ƙuri'a har 1868.

Sai dai a yi hattara. Ubangida ne ya rubuta kundin, kuma laifi ya fi kirki shiga cikinsa. Thomas Paine, wanda daga baya alƙalaminsa ya zaburar da juyin juya halin Amurka, an kore shi daga aikin harajin a 1765 bisa zargin ya rubuta ya duba kayan da bai duba ba. Aka mayar da shi, ya yi aiki a Lewes, a 1772 kuma ya rubuta wa majalisa koken abokan aikinsa cewa fam 50 a shekara ba ya riƙe gida, ga ciyar da doki. A 1774 aka sake sallamarsa.

Wanda ya tsinci kora a gaban sunan kakansa, wajibi ne ya auna ta da albashin zamanin da faɗin yankin da aka ɗora wa mutumin kafin ya yanke masa hukunci.