Daga Ina Kwallinmu Ya Fito?

Yau hirarmu a kan ɗan tandun nan ne da ke gefen madubinki.

Dutsen da Larabawa ke kira ismidi, masana kimiyya sun ce haɗi ne na wani ƙarfe mai suna antimoni da farar wuta. Launinsa toka-toka ne mai duhu, yana fitowa tsinke-tsinke kamar allurai. Taushi gare shi, farce ma na iya karce shi, wutar kyandir kuma tana narkar da shi. Da shi ake haɗa kan wasu ashana.

To amma akwai wani dutsen da ya yi kama da shi, wato dutsen dalma. Shi ma da farar wuta a jikinsa, sai dai ya fi nauyi, in an fasa shi yana tsagewa kusurwa-kusurwa. Tun zamanin Fir'aunonin Masar, da shi aka fi yin kwalli.

Fagge dai kin san masaukin fatake ce a da, nan ayarin raƙuma daga Arewa suka riƙa sauke kaya. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari wajen 1913, sai muka tarar baƙinmu ma suna da nasu: Yarabawa su ce tiro, Ibo su ce otanjele. Suna ya bambanta, dutsen kuwa sau da yawa na dalmar ne.

A 2011, likitoci a Boston ta Amurka suka sami dalma a jinin wani jariri ɗan wata shida, ɗan asalin Nijeriya. Da aka auna tiron da ake sa masa, fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Ba mu manta da Zamfara ba a 2010, inda gubar dalma ta wajen haƙar zinariya ta kashe yara sama da 400.

'Yar uwa, in an riga an niƙa, ido ba ya rarrabe su, mai tallar da ke kawo miki har ɗaki ma ba ta sani ba. Jariri kuwa zai murje ido, ya kai hannu baki, dalmar ta taru tana dakushe ƙwaƙwalwarsa ba tare da wata alama ba. Don Allah mu ɗage wa jarirai kwalli, mai ciki ma ta haƙura. In kin daɗe kina sa wa yaronki, roƙi maigida a kai shi asibiti a duba jininsa. Kada garin neman gira a rasa ido.

Sai mako na gaba, in Allah Ya kai mu.