Ina takardun kiɗan fim ɗin Sarauniya?

A shekarar 1899 rundunonin Faransa suka yi wa ƙasar da ake kira Nijar a yau shigar ƙofa biyu. Ta Foureau da Lamy ta gangaro daga Aljeriya, ta ratsa Ayar da Damargu, ƙasar Tanut da Tenhya ke nan, ta sauka Damagaram. Ta Voulet da Chanoine kuwa daga yamma ta ɓullo tana ƙone garuruwa, har ta yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu cikin watan Afrilu. Wannan karon ne Abdoulaye Mamani ya mayar littafi a 1980, Med Hondo ɗan Muritaniya ya mayar da littafin fim a 1986.

An yi ta yabon fim ɗin, ya ma ci babbar kyautar bikin finafinai na FESPACO a Wagadugu a 1987. Aï Keïta da ta fito a matsayin Sarauniya kowa ya san fuskarta. Amma tambayi mai kallo wa ya tsara kiɗan, sai ka ga ya ɗaga kai sama. Mutum uku ne: Pierre Akendengué ɗan Gabon, haifaffen 1943, da Abdoulaye Cissé da Issouf Compaoré na Burkina Faso. Babu Bahaushe ko ɗaya, a labarin da ya faru a Arewa ta Dogonduci. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: a Nijar aka so ɗaukar fim ɗin, shirin ya wargaje, Burkina ta zamanin Thomas Sankara ta karɓi aikin. Inda aka kafa kyamara, can aka nemi yawancin makaɗan.

Mai bincike da ke son sanin yadda aka haɗa wannan kiɗa sai ya ɗaura ɗamarar tafiya. Finafinai da takardun Med Hondo, wanda ya rasu a Paris a 2019, suna hannun cibiyar Ciné-Archives a Faransa. Ma'ajiyar finafinan Afirka da aka kafa a Wagadugu a 1989 ita ce ta biyu, kuma ambaliyar 1 ga Satumba 2009 ta shiga cikinta ta lalata faifai masu yawa. A Yamai akwai IRSH mai ajiyar muryoyin makaɗan gargajiya, da cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya. Nan ne za a iya auna kiɗan fim ɗin da kiɗan Arawa na ainihi, aikin da a ganina ya fi dacewa da ɗaliban Jami'ar Damagaram.

Shi Mamani kuwa babu damar tambayarsa yanzu. Ya rasu a haɗarin mota a 1993, kan hanyar Damagaram zuwa Yamai, shekara 7 bayan fitowar fim ɗin.