Daidaita sautin iyafis: Abin da ya kamata a sani

A garin Dabai da ke kusa da Zuru a jihar Kebbi, kamar a sauran garuruwan arewacin Najeriya, wayar salula ta zama rediyon mutane da dama. A yawancin wayoyin sai an soka iyafis kafin a kama tashar FM, domin igiyarsa ce ke aikin eriya.

Ta haka ake sauraren labarai da tafsiri da waƙoƙi, galibi cikin hayaniyar babura da injin niƙa. Idan magana ba ta fita sosai, mai sauraro kan garzaya ya ƙara ƙarfin sauti, alhali sau da yawa amon ne ke bukatar gyara.

Kauri da kaifi

Kunnen matashi mai lafiya na jin amo daga Hertz 20 zuwa kimanin 20,000. Amo mai kauri irin na babbar ganga, wanda ake kira bes, yana can ƙasa. Haruffa irin su "s" da "sh" da "ts", waɗanda ke sa a rarrabe kalmomi, suna can sama.

A shekarar 1933 wasu masana biyu a Amurka, Harvey Fletcher da Wilden Munson, sun nuna cewa kunne ba ya jin kowane amo daidai wa daida. Idan aka rage ƙarfi, kaurin ne ke fara ɓacewa. Wannan ne ya sa mai son bes ke ta ƙara sauti yana neman abin da ya rasa.

Kowa da irin nasa

Wani bincike da Sean Olive ya jagoranta a kamfanin Harman ya gano cewa kashi 64 cikin ɗari na waɗanda aka gwada sun fi son tsarin amo mai matsakaicin kauri. Kashi 15 sun fi son ƙarin bes, yayin da kashi 21, waɗanda mata da masu manyan shekaru suka fi yawa cikinsu, suka fi son a rage shi.

Wayoyi da yawa na da ikwalaiza, wato wurin ɗaga ko sauke kowane ɓangare na amo. Mai sauraren karatun Alƙur'ani ko wa'azi zai fi jin daɗi idan ya sauke bes, ya ɗan ɗaga tsakiya, inda muryar ɗan Adam take.

Akwai kuma abin da aka cika rainawa: robar bakin iyafis. Idan ba ta toshe kunne sosai ba, kauri na tserewa, hayaniyar waje kuma ta shigo. Sauya robar da wadda ta dace kan magance abin da ikwalaiza ta kasa.

Iyakar da aka gindaya

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, tare da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, sun fitar da ƙa'idar cewa babba kada ya wuce sa'o'i 40 a mako yana sauraro a kan desibel 80. Ga yara kuwa desibel 75 ne.

Duk ƙarin desibel 3 na raba wannan lokaci gida biyu, wato a kan desibel 83 sa'o'i 20 ne kacal.

Ƙananan ƙwayoyin da ke ɗaukar sauti a can cikin kunne ba sa sake tsirowa idan sun mutu. Likitoci na cewa jin kunne na ƙugi bayan cire iyafis alama ce ta cewa sautin ya yi yawa.